Antibodin ERK: na gaba ɗaya ko na fosfo?

Ƙanwata mai digiri na biyu a Jos, kin ce kuɗin kwalba ɗaya ta antibodi (furotin da ke kama wani takamaiman furotin don a gane shi a gwaji) gare ki, kuma so kike ki nuna ko ruwan ganyen da kike gwadawa yana kashe aikin ERK, furotin da ke isar da saƙon girma a cikin ƙwayar halitta, a ƙwayoyin cutar kansa. Wanne za ki saya?

Kowanne da tambayar da yake amsawa. Na gaba ɗaya yana kama ERK a duk halin da ya same shi, yana aiki ko yana kwance, yawansa kawai zai gaya miki. Na fosfo kuwa ba ya kama shi sai wani furotin mai suna MEK ya maƙala masa fosfet a gurabe biyu (Thr202 da Tyr204 a ERK1), wato sai an kunna shi. Ɗaya yana ƙirga ƙwan fitilar da ke gidan, ɗayan yana ƙirga waɗanda ke ci. A kan bulot, wato takardar da furotin ke fitowa a kai layi-layi bisa nauyinsu, dukansu layi biyu za su ba ki dab da juna, ERK1 a 44 kDa, ERK2 a 42 kDa.

Magani na iya kashe ERK cikin mintuna alhali yawansa bai motsa ba, don haka na gaba ɗaya shi kaɗai ba zai nuna miki komai ba. Na fosfo za ki saya. Sai dai ranar kare aiki, idan layin ya dushe, dole a tambaye ki: kashe shi aka yi, ko furotin ɗin ne kika zuba kaɗan? Na gaba ɗaya ne ke rufe wannan bakin. Ki nemi aro a wani ɗakin gwaji. Idan ana sirka shi 1:1000 ne, mikrolita 10 ya ishi mililita 10.

Na gaba ɗaya ba shi da fitina. Na fosfo ne ɗan lele, kuma a nan nake jin tausayin ɗalibai, don sukan zargi antibodi alhali tun wajen fasa ƙwayoyin fosfet ɗin ya tafi. Ki yi komai a kan ƙanƙara, da sauri, ki sa sodiyam otobanadet da sodiyam fulorayid a ruwan fasawa don su hana cire fosfet ɗin. Wajen toshe takardar bulot don kada antibodi ya manne ko'ina, na fi son BSA (furotin daga jinin shanu) kashi 5 cikin ɗari a TBST (ruwan wanke takardar) a kan madarar gari, saboda kasin, furotin ɗin madara, shi ma yana ɗauke da fosfet, yakan ɓata bayan hoton. Ki kuma ware rami ɗaya na zuba samfur ga ƙwayoyin da kika hana siram (ruwan jinin da ake ciyar da su) sannan kika ba su EGF, mai kunna ERK, na ’yan mintuna, wani ramin ga waɗanda kika ba U0126 mai toshe MEK. Na farko ya yi baƙi ƙirin, na biyu ya ɓace: kin san antibodinki na gaskiya ne.

Kafin ki biya, ki duba takardar bayaninsa ko an gwada shi a ƙwayoyin mutum, sannan ki tabbatar firizar da za ki ajiye shi a −20°C tana kan janareto ko sola.