Ƙaramin 3018 ko babban inji mai bel: amsa ga mai shirin haɗa injin sassaƙa a gida

Ɗan'uwa, ka ce kana aikin kafinta, kana kuma son ka fara sassaƙa allunan suna da na ƙofar gida da injin da kwamfuta ke sarrafawa, wato CNC. Ka ga iri biyu a kasuwannin intanet, ƙaramin da ake kira 3018 da kuma manya masu bel irin su Shapeoko da X-Carve, shi ne ka tambaya wanne ya fi sauƙin haɗawa da saitawa ga mutumin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Na haɗa duka biyun da hannuna, ƙaramin a kan teburin ɗakina, babban kuma a shagon wani abokina, inda muka kwashe kwana biyu muna fama. Ƙaramin ya fi sauƙin haɗawa nesa ba kusa ba, amma a ganina bai kamata sauƙin haɗawa ya yanke maka hukunci ba, domin haɗawa aikin yini ɗaya ko biyu ne, alhali girman katakon da za ka ɗora da halin wutar unguwarku su ne za ka zauna da su kullum.

Sunan 3018 kansa awo ne: santimita 30 a faɗi, 18 daga gaba zuwa baya, sannan kan injin yana hawa da sauka na kimanin milimita 45 kacal. Idan ka cire wurin da abin matse katako zai ci, abin da ya rage bai wuce tafin hannu biyu ba, saboda haka allon ƙofar gida mai tsawon rabin mita ba zai hau ba sam. Manyan kuwa suna farawa daga kusan santimita 40 kowane ɓangare, wasu su haura 80. Akwai kuma bambanci a tsarin gini. A ƙaramin, tebur ne ke tafiya gaba da baya, gadar da ke ɗauke da kan injin tana tsaye wuri ɗaya. A babban, tebur a kafe yake, gadar ce ke yawo a kansa, don haka kana iya zura dogon katako ta gaba ya fita ta baya, ka sassaƙa shi kashi-kashi.

Haɗa ƙaramin aikin yamma ɗaya ne ga mai haƙuri. Kwalin yana zuwa da sandunan alminiyam, da sandunan ƙarfe masu santsi waɗanda tebur ke zamewa a kansu, da sanduna uku masu zare, da ƙananan injuna uku masu tafiya taku-taku, sai jakunkunan noti. Wasu, kamar Genmitsu 3018-PROVer, suna zuwa an riga an haɗa manyan sassansu. Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ɗaure kowane noti tamau tun da farko. A bar su sako-sako tukuna, a tura tebur da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan har sai ya zame ba tare da cijewa ba, sannan a bi su a ɗaure. A auna nisan ƙafafun gada biyu daga bayan firam, dama da hagu su zo daidai. Notin tagulla da ke kan sanda mai zare kashi biyu ne da sifirin a tsakani, kuma dole a matse sifirin kafin a zura sandar, in ba haka ba tebur zai riƙa wasa duk lokacin da ya juya baya, harafin da ka sassaƙa ya fito da baki biyu.

Babban kuwa tun kafin a buɗe kwali yake fara cin kuɗi da lokaci, domin yana buƙatar teburi mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya girgiza, kuma wannan kai da kake kafinta ka fi ni saninsa. Gadarsa injuna biyu ne ke jan ta, ɗaya a kowane gefe, kowanne da bel ɗinsa. Idan firam ya karkace, ko bel ɗaya ya fi ɗaya ɗamewa, gadar za ta riƙa tafiya a kaikaice, duk murabba'in da ka yanka ya fito a gicciye. Maganinsa shi ne irin awon da kuke yi wa ƙyauren ƙofa: a ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, a sake ja a ɗaya ɓangaren, a yi ta gyara har awo biyun su zama ɗaya kafin a ɗaure. Ƙafafun roba da gadar ke gudu a kansu suna da wasu noti waɗanda raminsu ba a tsakiya yake ba, ana juya su kaɗan-kaɗan da sifana har ƙafar ta kama dogo. In ta yi sako-sako kan injin zai yi rawa, in kuma aka matse fiye da kima robar za ta cinye da wuri. A shagon abokina mun gama komai, muka sa ya yanka da'ira mai faɗin milimita 50, sai ga ta ta fito kamar ƙwan agwagwa. Mun yi ta zargin kwamfuta har bayan la'asar, ashe wani ɗan mitsitsin noti ne, bai kai ƙwayar dawa ba, wanda ke riƙe gargaren bel a kan sandar injin. Mu ne ba mu sa shi ya zauna a kan fefen gefen sandar ba, sai gargaren yake sulɓewa duk lokacin da injin ya canja alƙibla.

Da zarar an zo kan kwamfuta, iri biyun sun zama 'yan uwa, domin akasarinsu manhaja ɗaya ce a cikin allon lantarkinsu, mai suna GRBL. Simen Svale Skogsrud ne ya fara rubuta ta a 2009, daga baya Sonny Jeon ya ci gaba da ita, kuma kyauta ce. Ƙaramin yawanci da Candle ake tura masa aiki, Shapeoko yana da Carbide Motion, X-Carve yana da Easel, sannan Universal Gcode Sender tana aiki da kusan duk injin da ke kan GRBL. Abu na farko, kafin ka taɓa komai, ka rubuta $$ a cikin manhajar tura aikin ka aika wa injin, ka kwafe jerin lambobin da suka fito ka adana, domin ranar da ka dagula saiti su ne za su mayar da kai gida. Lambobi uku ne suka fi muhimmanci, $100 da $101 da $102, waɗanda ke gaya wa injin taku nawa ne milimita ɗaya. Injin taku na irin waɗannan injuna yana cika zagaye da taku 200. A mafi yawan 3018 ana raba kowane taku gida 16, zagaye ɗaya kuma yana tura tebur milimita 4, don haka lambar ta zama 800. A Shapeoko 3 ana raba takun gida 8, gargaren yana da haƙora 20, tsakanin haƙori da haƙori milimita 2, sai lambar ta zama 40. A nan ƙaramin ya fi ba da kwanciyar hankali, domin zaren ƙarfe ba ya miƙewa, da wuya ka sake taɓa lambarsa. Bel kuwa yana miƙewa gwargwadon ɗaurinsa, don haka sai ka umarci injin ya yi tafiyar milimita 100 ka auna, idan 99.5 ya yi, ka ninka 40 sau 100 ka raba da 99.5, ka sa 40.2.

A duba alƙibla kuma. Aikina na farko a kan ƙaramin kalmar MARABA ce a kan guntun filawud, na tsaya ina kallon ƙura tana tashi cike da murna, da na busa sai na ga rubutun ya fito a juye, sai da madubi ake karanta shi. Layin dama da hagu ne ke tafiya baya-baya, kuma lambar $3 ce ke gyara shi. A ƙaramin akwai abin da ke rikita mutane: tunda tebur ne ke motsi, idan ka danna a tafi baya, teburin zai taho wajenka ne, kuma hakan shi ne daidai.

Inda suka rabu kwata-kwata shi ne ƙarfin yanka. Kan ƙaramin wani inji ne da ake kira 775, yana juyawa kusan sau 10,000 a minti, yana riƙe siririn baki, wato ƙarfen da ke yanka katakon, mai kaurin milimita 3.175. A katako mai tauri ban taɓa yarda na nutsa shi fiye da milimita ɗaya a zagaye guda ba, domin da ka matsa masa za ka ji kukansa ya canja, kan ya fara lanƙwasawa. Aikin da babban zai gama kafin shayi ya huce, shi sai ya kai ka daga azahar zuwa la'asar. Babban yana amfani da injin gyaran gefen katako irin na hannu, galibi Makita ko DeWalt. Makita yana da ƙarfin wat 710, yana juyawa daga 10,000 zuwa 30,000 a minti. A nan ka buɗe ido sosai, domin Shapeoko da X-Carve daga Amurka suka fito, inda wuta volt 120 ce, tamu kuwa 230. Makita RT0701C na wutar Amurka ne, RT0700C shi ake samu na irin wutarmu, kuma jikinsu ɗaya ne, milimita 65, don haka mariƙi ɗaya ya ishe su. Ka tambayi mai sayarwa awon maƙogwaron da ke riƙe baki, saboda baki mai milimita 6.35 ba ya shiga maƙogwaro mai 6, mai 6 kuma ba ya kamuwa da kyau a cikin mai 6.35, yana iya zamewa a tsakiyar aiki. Ka kuma sani cewa manhaja ce ke kunna kan ƙaramin ta kashe, Makita kuwa da hannu ake kunna shi, kuma wanda ya manta zai ga baki ya nutse cikin katako ba ya juyawa, ya karye nan take.

Sai batun ɗauke wuta, wanda takardun da ke cikin kwali ba su damu da shi ba, mu kuwa shi ne gaba da komai. Waɗannan injuna ba su da idon da ke gaya musu inda suke, ƙidayar taku kawai suke yi, kuma da wuta ta ɗauke ƙidayar ta tafi. Abin da ke ceton aiki shi ne makunnan iyaka, ƙananan maɓallai da ke ƙarshen kowane layi. Idan suna nan, an kuma sa $22 ta zama 1, umarnin $H zai sa injin ya koma kusurwarsa ya gane gida, kuma tunda GRBL tana ajiye nisan da ke tsakanin gida da mafarin aikinka ko da an kashe ta, kana iya komawa daidai inda ka fara, muddin ba ka kwance katakon ba. Manyan galibi suna zuwa da su. 3018 mafi araha ba ya zuwa da su, kuma a nan ne araha ba ta ado: na taɓa asarar allon da ya ci sa'a uku saura kaɗan ya ƙare, na yi ta ƙoƙarin mayar da baki da ido, layin bai sake haɗuwa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙaramin ba ya cin wuta. Abin ba shi wuta yawanci volt 24 ne da amfiya 5, wato wat 120, don haka ƙaramar inbata ko UPS za ta riƙe shi tare da kwamfutar hannu. Babban, idan ka haɗa Makita da injin zuƙar ƙura, sai janareto mai ɗan ƙarfi.

Ƙara da ƙura ma ba ɗaya ba ne. Ƙaramin za ka iya rufe shi cikin akwatin filawud ka yi aiki da dare iyali na barci. Babban ba na cikin gida ba ne sai dai in kana son rigima da maƙwabta, kuma sai da abin toshe kunne da tabarau da takunkumi, musamman a kan MDF, allon da ake yi da matsattsen garin katako, wanda garinsa laushi ne ƙwarai kuma akwai gam a cikinsa. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, tiyon zuƙar ƙura yana tara irin lantarkin nan da ke tartsatsi a jikin bargo, har ya katse haɗin USB a tsakiyar aiki. Gajeriyar waya mai kyau, da raba ta da wayar Makita, da tabbatar da cewa wayar ƙasa ta soket ɗin tana aiki, su ne suka raba mu da wannan matsalar.

Duk wanda ka saya, saiti bai ƙare ba sai ka ɗaura MDF a kan tebur ka sa injin ya aske fuskarsa da kansa, domin ta haka ne tebur zai yi daidai da tafiyar baki. Idan askin ya bar tudu-tudu kamar kunyoyin gona, kan injin bai miƙe cak ba, sai a cusa siririn gwangwani a bayan mariƙinsa a sake gwadawa. Wajen saita tsawo, ka sa farar takarda a kan katako, ka riƙa sauko da baki kashi ɗaya cikin goma na milimita har takardar ta fara cijewa.

Tunda ka ce allunan ƙofar gida kake nufi, kuma don sayarwa, ƙaramin ba zai biya maka buƙata ba, kuma kuɗin da za ka zuba wajen ƙara masa ƙarfi gara ka tara su ka sayi babban. Zan ba ka shawarar 3018 ne kawai idan kana son ka koyi zane da GRBL tukuna a kan abin da kuskurensa ba ya tsada, ko kuwa aikinka mariƙin makulli ne da ƙananan allunan tebur da hatimi. A nan ma ka ɗauki mai makunnan iyaka da jan maɓallin tsayarwa. Kowanne ka zaɓa, ka sa a haɗo maka bakuna aƙalla goma a cikin kwalin, da bel na ajiya idan babban ne, domin a makon farko ni kaɗai na karya huɗu, kuma jiran sabo daga waje ya fi haɗa injin daɗewa.