Intanet ko tsohon kaset: farautar doom death na Ingila

Kiɗan doom death, wani nau'in kiɗan rock mai nauyi, mai tafiyar hawainiya da muryar gurnani, ya yi tashe a arewacin Ingila wajen 1990, zamanin da kamfanin Peaceville ke fitar da waƙoƙin ƙungiyar Paradise Lost ta garin Halifax. To ƙananan ƙungiyoyin da suka ɓace fa?

A YouTube ko Bandcamp, shafin sauraro da sayen kiɗa, cikin minti biyar ka ji su. Sauƙi kam akwai.

Kaset kuwa sai ka tona Discogs, kasuwar faifai da kaset ta intanet, ka biya fam, ga kuɗin aikawa, ka yi ta jira. Amma ni shi na fi so: bangon fotokwafi baƙi ƙirin, adireshin mawaƙan da biro, da wannan shuuu ɗin kafin jita ta faɗo.