Gargaɗi: ana sayar da yashin gini da sunan "yashi mai rai" na tankin murjani

'Yan'uwa masu kiwon kifin teku da murjani a tankin gilashi, a yi hattara da masu tallar "yashi mai rai" a Facebook, Instagram da zaurukan WhatsApp. Salon nasu kusan ɗaya ne: hoton tanki mai ƙyalli wanda ba nasu ba, farashi ƙasa da na kanti nesa ba kusa ba, da alkawarin cewa in ka zuba yashin da safe, da yamma sai ka saki kifi. Kana tura kuɗi sai a yi maka waybil na jiƙaƙƙen yashi a farar leda da aka ɗaure da kyauro ko aka liƙe da wuta, babu sunan kamfani, babu kwanan wata. Abin da ya sa damfarar take ci shi ne, wannan "rai" da ake sayarwa ba a ganinsa da ido. Jiƙaƙƙen yashi mai rai da jiƙaƙƙen yashin da ya mutu kamanninsu ɗaya a hoto.

Yashin tankin murjani na gaskiya aragonayit ne, wato kalsiyam kabonet, ɓarɓashin murjani da bawon halittun teku da ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa a ruwa marar zurfi irin na tsibiran Bahamas. Ana ce masa mai rai ne saboda bakteriyar da ke manne a jikin kowace ƙwaya: kashi ɗaya yana mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa zuwa naitirayit, ɗaya kashin ya mayar da naitirayit zuwa naitiret, wadda ba ta kai su guba ba. Iri biyu ake samu a kasuwa. Akwai na cikin jaka wanda kamfanoni irin su CaribSea da Nature's Ocean ke rufewa da ɗan ruwan gishiri, yawanci a jakar fam 20, kimanin kilo 9. Wannan bakteriya kaɗai ke cikinsa. Akwai kuma wanda aka ɗebo daga tankin da ya daɗe yana aiki, shi ne ke zuwa da 'yan tsutsotsi da ƙananan ƙwarin ruwa masu cin datti. Duk wanda ya ce maka yashin da ya yi watanni a rufaffiyar leda yana ɗauke da tsutsotsi da ƙananan jatan lande masu rai, ƙarya yake yi, domin waɗannan ba sa jure kwanaki babu iska.

Algus ɗin da ya fi yawa shi ne yashin kogi ko na gini da aka tankaɗe, aka wanke, aka jiƙa da ruwan gishirin girki. Wani kuma ya ɗebo na bakin teku ya ce ai daga teku yake. Yashin gaɓar Legas mafi yawansa silika ne, ba aragonayit ba, kuma yana haɗe da duk abin da gari ya zubar. Silikar kanta ba ta cika narkewa a ruwa ba, don haka ba ita ce babbar matsalar ba. Matsalar tana cikin abin da ya biyo ta: laka, ɓarɓashin ƙarfe, ruɓaɓɓen ganye, wani lokaci da mai. Sannan ga tauri. A ma'aunin taurin duwatsu silika tana kan 7, gilashi wajen 5.5, aragonayit kuwa 3.5 zuwa 4. Ƙwaya ɗaya ta silika in ta maƙale a ƙarƙashin maganaɗisun goge gilashi, za ta ja maka layi daga wannan gefe zuwa wancan, kuma layin ba ya fita. Kifayen da ke kwana a cikin yashi, irin ƙananan kifayen da ake kira ras na dangin Halichoeres, da gobi masu tauna yashi suna fitar da shi ta kunnuwa, na iya ƙujewa a baki da ciki in yashin yana da kaushi.

Gane wannan bai fi minti biyu ba. Ɗebi cokali ɗaya, ka ɗauraye, ka bari ya tsane a kan faranti, sai ka ɗiga masa ruwan khal fari. Aragonayit zai tashi da kumfa nan take, ka kara kunne ka ji yana tsuwwa kamar an buɗe lemon kwalba, kuma in ka ƙara khal zai ci gaba har ƙwayoyin su fara ƙanƙancewa. Silika za ta jiƙe kawai ta yi shiru. Amma ka lura da wayon da suka koya daga masu sayar da hatsi: mai kyau a bakin buhu, tsakuwa a gindi. Ɗebi samfur daga sama, daga tsakiya da daga can ƙasan ledar, kowanne a farantinsa. In kumfar ta tashi ta mutu da wuri, ta bar tarin ƙwayoyi masu sheƙi kamar fasasshen gilashi, to an gauraya ne, an barbaɗa dakakken bawon katantanwa don ya ci gwajin. Bayan nan ka sa maganaɗisu a leda ka ja shi cikin busasshen samfur. Baƙin gari da ya manne a jikin ledar ƙarfe ne, ba shi da wurin zama a tankin murjani.

Khal yana faɗa maka irin dutsen ne kawai, ba ya faɗa maka ko akwai rai. A nan algus na biyu yake: a sayi busasshen aragonayit na gaskiya mai araha, a zuba masa ruwa, a ninka masa kuɗi. Ko kuma jakar kamfani ta gaskiya wadda wa'adinta ya wuce, ko ta huje ta bushe a sito, a sake jiƙa ta a goge kwanan watan. Duba bakin jakar: liƙin kamfani madaidaici ne, layi ɗaya mai faɗi, ba ƙonannen liƙi mai karkace ba. Duba inda ake buga kwanan wata, in an kankare ko an manna wata takarda a kai, ka bar musu kayansu. Ka kuma shinshina. Lafiyayyen yashi ƙanshin bakin teku yake yi, ɗan ƙarni kaɗan. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da baƙaƙen tabo a jikin ledar alamar iskar haidirojin salfaid ce, wato abin da ke ciki ya shaƙe ya ruɓe. Ledar da ta wuni biyu a bayan mota cikin zafin rana sau da yawa haka take isowa, ko da mai kayan bai yi niyyar cuta ba.

Gwajin rai yana cin kwanaki, amma shi ne mai raba gardama. Ka tanadi bokiti biyu masu tsabta waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba. Haɗa lita 10 na ruwan gishirin tanki a kowanne, da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI mai cire datti da sinadaran da suka narke a ruwa, da gishirin da aka yi don tankin teku, ka auna har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 zuwa 1.026. Sa dutsen iska mai fitar da kumfa ko ƙaramin famfo a kowanne, zafi ya tsaya tsakanin digiri 25 da 26. Zuba kilo 2 na yashin a bokiti ɗaya, ɗayan ka bar shi ruwa zalla don kwatanci. Kada ka ƙara komai sai bayan awa 24, sannan ka auna amoniya, fosfet da jan ƙarfe a bokitin yashin. In amoniya ta fito da kanta tun ba ka sa ba, yashin ruɓewa yake yi. In fosfet ta yi tsalle ta wuce 0.1 a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan, gansakuka za ta cinye maka tanki. In jan ƙarfe ya nuna ko ɗis, magana ta ƙare. Idan duk sun fito lafiya, ɗiga amoniyam kulorayid a bokitan biyu har su kai ppm 2, kada ka wuce haka, ka riƙa aunawa kowace rana a lokaci ɗaya kana rubutawa. Yashi mai rai zai fara sauke amoniyar cikin 'yan kwanaki, naitirayit ta bayyana, daga baya naitiret. Na cikin jaka yakan yi nawa kaɗan kafin ya farka, don haka a ba shi kwana 7 zuwa 10. In kwana goman suka cika bokitin yashi da na ruwa zalla suna ba da lamba ɗaya, kuɗin yashi mai rai ka biya, jiƙaƙƙen yashi aka ba ka.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne tsohon yashi da aka kwaso daga tankin da ya lalace, ana tallarsa da "ya shekara biyar yana aiki, ya nuna". Wannan zai ci gwajin khal, wataƙila har ya ci na amoniya, domin da gaske akwai bakteriya a cikinsa. Sai dai yashin da ya shekara a tanki rumbun datti ne. Fosfet tana maƙalewa a jikin kalsiyam kabonet, ta dawo cikin ruwa sannu a hankali tsawon watanni. Jan ƙarfe ma haka yake: in an taɓa yi wa kifi magani da shi a tankin, yashin ya sha, kuma zai riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, adadin da kayan gwajin gida ba lallai su kama ba amma ya isa ya kashe dodon koɗi, jatan lande da murjani. Alamar farko ita ce dodon koɗi su faɗo daga gilashi su kwanta rigingine su kasa tashi. Ga kuma cutar fararen ɗigo, Cryptocaryon irritans, wadda ke barin jikin kifi ta ƙunshe kanta a kan yashi da dutse. Ƙunshin na iya kaiwa kwana 72 kafin ya ƙyanƙyashe, shi ya sa masu kiwo ke barin tanki kwana 76 babu kifi ko ɗaya in suna son ta mutu da yunwa. Mai sayarwar ba zai gaya maka abin da ya kashe kifinsa ba. Tambaye shi dalilin rushe tankin, ka nemi bidiyon tankin yana aiki da takarda mai sunanka a jikin gilashin. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Batun "saki kifi yau-yau" kuwa, ko yashin kamfani na gaskiya bai ɗauke maka jira ba. Yana rage kwanakin ne kawai. Tanki ya shirya ne ranar da ka sa amoniya ppm 2, bayan awa 24 amoniya da naitirayit duka suka koma sifili, kuma wannan kan ɗauki mako 2 zuwa 6. Haka ma da'awar cewa yashin zai riƙe maka pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da kalsiyam har ka daina ƙara sinadari, an zuzuta ta. A pH 8.1 zuwa 8.4 da tankin murjani ke zama a kai, aragonayit ba ya narkewa yadda zai ciyar da murjanin da ke girma.

Masu tallar suna cuta a wajen yawa ma. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfin da kake so, duk a santimita, raba da 1,000 ka samu lita, sai ka ninka da 1.4 ka samu kimanin kilo. Tanki mai 90 da 45, a zurfin santimita 4, lita 16.2 ke nan, wajen kilo 23, jaka biyu da rabi. Mai 60 da 30 kilo 10 ya ishe shi. In aka ce ka sayi ninkin wannan, aljihunka ake dubawa. Ka kuma ɗaga ledar ka ga yawan ruwan da ke kwance a kai, domin a kilo ake sayarwa kuma ruwa ma yana da nauyi. Jakar kamfani jiƙe take da ɗan ruwa kaɗan, ba kunu ba.

Zurfin da ya fi sauƙin kula shi ne santimita 2.5 zuwa 5, ana motsa samansa ana zuƙe datti lokacin canjin ruwa. Shimfiɗa mai zurfi, 10 zuwa 15, wani tsari ne dabam: yashi mai laushi ƙwarai ake sa wa, kuma ba a tona shi, domin ƙasansa babu iskar oksijin, in aka birkice shi guba ce ke tasowa. Tsakanin biyun nan ne ake shan wahala, ya yi kauri ga shara, bai kai zurfin da zai yi aikin rage naitiret sosai ba. Girman ƙwaya kuma ya bi ƙarfin igiyar ruwanka. Mai laushi kamar sukari, ƙasa da milimita 1, famfo mai ƙarfi zai tashe shi ya zuba a kan murjani ya bar gilashin ƙasa tsirara. Milimita 1 zuwa 2 ya fi zama wuri ɗaya. Mai kauri kamar tsakuwa yana tara datti a tsakaninsa, kuma masu binne kansu ba sa iya shiga.

In yashin ya ci gwaje-gwajen nan, kada ka wanke shi da ruwan famfo, ruwan daɗi da sinadarin kulorin za su kashe abin da ka biya kuɗi dominsa. Fara jera duwatsu a kan gilashin ƙasa kai tsaye, sannan yashi ya zagaye su. In ka ɗora dutse a kan yashi, ranar da gobi ya haƙa rami a ƙarƙashi ginin zai rufto, wani lokaci har ya tsaga gilashi. Kife faranti a kan yashin ka zuba ruwa a kansa a hankali. Ruwan zai yi fari kamar an dama alli, ya washe cikin awa 24 zuwa 48 in ka sa auduga a matata kana canza ta. Bayan mako ɗaya ko biyu ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe saman yashin. Wannan kowane sabon tanki yana yi, ba shaidar an cuce ka ba ce, kuma takan wuce da kanta.

Wanda ba shi da amintaccen mai sayarwa kusa, ba dole ne ya yi cinikin biri a sama ba. Sayi busasshen aragonayit a rufaffiyar jakar kamfani, ka wanke shi kashi-kashi a bokiti har ruwan ya daina fitowa fari, ɗaurayar ƙarshe da ruwan RO/DI. Shimfiɗa shi, sai ka ƙara bakteriyar da ake sayarwa a kwalba, ko kofi ɗaya zuwa biyu na saman yashin tankin wanda ka sani, ka ga kifinsa da idonka, ka kuma tabbatar bai taɓa sa maganin jan ƙarfe ba. Cikin makonni duk shimfiɗar za ta zama mai rai, a kan kuɗin da bai kai na jiƙaƙƙen ba. In kuwa sai ka sayi na intanet ɗin, ka nemi a aiko da jaka ɗaya tukuna, ka riƙe cikon kuɗin har khal da bokiti su yi magana, ka kuma ajiye hoton tallar da rasidin tura kuɗi da hirarku, domin shafin da ya sayar maka yau yana iya canza suna kafin kwana goman gwajin su cika.