Gargaɗi kan jabun katin GTX 1050 Ti da ake tallatawa a Kano

Ina jan hankalin duk mai neman katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoto a kwamfuta) mai araha domin farfaɗo da tsohuwar kwamfutar tebur da ya yi hattara da wani mai talla da ke watsa hotuna a zaurukan WhatsApp na cinikin kayan kwamfuta a nan Kano, yana iƙirarin cewa yana da GTX 1050 Ti sabo fil a kwali a kan kusan rabin farashin kasuwa. Ba shi da shago, ba ya yarda a gwada kaya, sai dai a tura kuɗi ta banki sannan ya aiko da saƙo a hannun ɗan sahu. Ni kaina na faɗa tarkonsa lokacin da nake nema wa ƙanina katin da zai sa a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur don buga wasan ƙwallo da GTA V.

Dalilin da ya sa ake ruɗar mutane da wannan kati a fili yake. Na gaskiyar, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2016, yana da ma'adana gigabait 4, kuma wat 75 kacal yake ja, don haka yawancinsu ba sa buƙatar ƙarin wayar wuta, abin da ya dace da kwamfutocin ofis da suka cika gidajenmu.

Da muka ɗaura katin, Windows ta nuna sunan GTX 1050 Ti da gigabait 4 daidai, har na ɗauka na yi tsintuwa. Amma direban, wato manhajar da ke sa katin aiki, da muka sauke daga shafin Nvidia ya ƙi hawa, sai wani tsoho da ya zo a faifan CD cikin kwalin, kuma da zarar wasa ya yi nauyi sai hoton ya farfashe, kwamfutar ta daskare. Wani mai gyara a Beirut Road ne ya warware mana zare da abawa: ya cire fankar, ya goge man da ke kan ƙwaƙwalwar katin, sai ga shi ashe tsohon kati ne, GTS 450 na shekarar 2010. Masu haɗa wannan jabu suna sauya BIOS ɗin tsohon kati ne, wato manhajar da ke cikin katin kansa, domin ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba, alhali ainihin ma'adanarsa gigabait 1 ce, shi ya sa wasa ke rushewa da zarar ya nemi fiye da haka. Mai gyaran ya buɗe GPU-Z, manhajar duba bayanan kati da ake samu kyauta, ta nuna injinan sarrafa hoto 192, ga shi kuwa na gaskiya 768 yake da su, ta kuma rubuta alamar jabu a gaban sunan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, alamar tana bayan katin tun farko ban lura ba. Akwai shuɗiyar kafar VGA, tsohuwar kafar haɗa allon kwamfuta, a jikinsa, alhali katunan wannan zubi da HDMI da DisplayPort da DVI aka san su. Kwalin ma babu sunan wani kamfani irin su MSI ko Gigabyte ko Zotac.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya nemi GTX 750 Ti na hannu ko GT 1030, amma a na biyun ya tabbatar mai nau'in ma'adana GDDR5 ne, domin akwai mai DDR4 da ke ɗauke da suna iri ɗaya kuma ya fi rauni nesa ba kusa ba. Kowanne za a saya, a je da kwamfutar shagon, a buɗe GPU-Z, a sa direban Nvidia, a buga wasa na tsawon lokaci kafin kuɗi ya fita daga aljihu.

Da na kira mutumin kan ya maido min da kuɗina, ya ce kwamfutarmu ce ta tsufa, daga nan ya toshe lambata. A makon da ya wuce na sake ganin hotunan nan nasa a wani zauren, da wata sabuwar lamba.