Shekara biyu da eriyar Larsen mai zango uku a saman motata a Oklahoma

Ranar da na ce wa maiɗakina zan kai motarmu a huda mata rufi, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Malam, motar da ko kuɗinta ba mu gama biya ba?" Tana da gaskiya. Ni ma na fi wata uku ina juya maganar a raina kafin na yarda. Yau shekara biyu ke nan da yin hujin, kuma 'yan'uwa da dama da ke tuƙi a nan Amurka sun tare ni a masallaci bayan sallar Juma'a suna tambayata game da ɗan siririn ƙarfen da ke tsaye a kan motar. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani da shi.

Aikina ɗaukar kayan asibiti ne daga birnin Oklahoma zuwa ƙananan garuruwan da ke kewaye: Norman, Chickasha, El Reno, wani lokaci har Lawton. Wanda bai zauna a jihar nan ba zai yi mamakin abin da ya haɗa direban kaya da rediyon sikana, wato rediyon da ke bin tashoshin sadarwa ɗaya bayan ɗaya yana tsayawa duk inda ya ji ana magana. Amsar ita ce guguwa. Muna nan a ranar 20 ga Mayu 2013 lokacin da mahaukaciyar guguwa ta ratsa garin Moore ta kashe mutum 24, cikinsu har da yara bakwai a wata makarantar firamare. Kwana goma sha ɗaya bayan nan wata ta taso kusa da El Reno, faɗinta ya haura kilomita 4, kuma waɗanda ta hallaka a cikin motoci ta riske su. Tun daga lokacin, idan Afrilu ya kama, ba na hawa hanya sai kunnena yana kan abu biyu: tashar hukumar yanayi ta NOAA, wadda a nan take kan 162.400 MHz (megahertz, ma'aunin lambar tasha a rediyo), da kuma masu sa-kai na SKYWARN da ke bin hadari da idonsu suna kai rahoto ofishin yanayi na Norman ta zangon masu rediyon sha'awa, tsakanin 144 da 148 MHz. Wayar hannu tana kawo gargaɗi, ban musa ba. Amma jin mutum yana cewa ga shi tsaye a mahaɗar hanya kaza, ƙanƙara ta fara sauka, gajimare yana juyawa ta yamma da shi, wannan wani abu ne dabam ga wanda ke riƙe da sitiyari.

Sikanata Uniden BCD436HP ce, ta hannu. Da 'yar eriyar robar da ta zo da ita na fara. A tsakar gida tana aiki lafiya lau, amma cikin mota kana zaune ne a akwatin ƙarfe, sigina ba ya shiga sai ta gilashi. Kafin in kai Chickasha muryar tashar yanayi ta fara yankewa, sai shuuu.

Sai na yi abin da kusan kowa ke yi. Na shiga intanet na sayi wata doguwar eriya mai gindin maganaɗisu, an rubuta a kwalinta wai tana kama komai daga 25 har 1300 MHz. Ba zan ambaci sunan masu ita ba. Ta fi ta roba, wannan gaskiya ne, amma wayarta siririya ce ƙwarai, kuma dole ta bi ta bakin ƙofa, kullum ana datse ta. Cikin wata biyar ta fara katsewa daga ciki. Ƙura da yashi suka riƙa shiga ƙarƙashin maganaɗisun, da na ɗaga shi na tarar ya zana da'ira a jikin fenti. Wata rana a kan babbar hanyar I-44, ga gudu ga iska ta gefe, sai na ji ƙwal a bayan mota: ta tuntsure tana lilo a jikin wayarta tana bugun gilashi. Araha ba ta ado.

Wanda ya warware mini zaren wani dattijo ne mai lasisin rediyon sha'awa, mun haɗu a wani taron koyar da masu lura da hadari. Bai ce in sayi kaza ba. Tambayata ya yi me nake saurare, ya ce in rubuta lambobin a takarda. Da na rubuta sai na ga ashe duk abin da ya dame ni a wuri uku yake. Akwai na kusa da 150 zuwa 162 MHz, inda tashar yanayi take, da jiragen ƙasa da ke magana a 160 zuwa 161, da ƙananan hukumomin kashe gobara na karkara. Akwai na 450 zuwa 470. Sai kuma na 800 MHz, inda manyan tsare-tsaren sadarwa na jiha da na birane suke. Ya ce tsawon eriya ba ado ba ne, lissafi ne: mafi sauƙin eriya ita ce wadda tsawonta ya yi daidai da rubu'in tsawon igiyar siginar. A 155 MHz hakan ya kama kusan santimita 48, a 460 kusan 16, a 850 kuwa bai kai 9 ba. Na rediyon CB da manyan direbobin tirela ke amfani da shi a 27 MHz ya haura mita biyu da rabi. To ta yaya sanda ɗaya za ta yi wa duk waɗannan adalci? Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, balle goma. Abin da ke yiwuwa shi ne a ƙera eriya ta dace da wurare biyu ko uku da aka zaɓa, sauran kuma ta kama abin da ya sawwaƙa.

Maganar ta tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, a Zariya. Yakan ɗaura siririyar waya a eriyar rediyonsa ya ja ta har reshen darbejiya don ya ji BBC da Muryar Jamus tangaran a gajeren zango. A wancan zangon ƙarin tsawo alheri ne. Na taso da tunanin cewa kowace eriya haka take, in ta fi tsawo ta fi kamawa. A zangon 800 ba haka abin yake ba.

Da wannan na zaɓi Larsen NMO150/450/800. Sunanta ma ya faɗi aikinta: an yi ta ne don 150 zuwa 165, da 450 zuwa 470, da 806 zuwa 940 MHz. Tsawonta inci 16 da rabi, wajen santimita 42, baƙa, siririya, da ɗan kumburin naɗi a tsakiyarta. Ba ta da ɗaukar ido ko kaɗan, wanda ni a wurina riba ce, don ba na son a riƙa yi wa motar kallon ta jami'an tsaro. Kuɗinta bai kai abin da nake zubawa na mai a kwana biyu ba. Gindinta irin wanda ake kira NMO ne, wanda motocin 'yan sanda da na kashe gobara suka daɗe suna amfani da shi: a huda rami mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, a zura mazaunin daga sama, haƙoransa su ciji ƙarfen ta ciki, robarsa ta toshe ruwa ta waje, sai a murɗa eriyar a kai kamar murfin kwalba.

A nan ne zan daɗe, domin rabin abin da nake yabawa ba eriyar ce ta yi shi ba, ramin ne. Irin wannan eriya rabin jiki ce kawai. Ɗaya rabin shi ne faffaɗan ƙarfen da take zaune a kai. In ka kafa ta a tsakiyar rufi, ƙarfe ya kewaye ta ta ko'ina, za ta ji gabas da yamma daidai wa daida. In ka maƙala ta a gefen but ko a bakin bonet, za ta fi jin ɓangaren da ƙarfe ya fi yawa, jikin motar kuma ya tare mata wani gefen. Na kai motar shagon da ke ɗaura wa motocin kamfanoni rediyo. Mai aikin ya sauke fitilar cikin rufi ya leƙa don kada ya faɗa kan ƙarfen da ke tallafe da rufin, ya huda da abin yanka na musamman wanda ba ya zarcewa ya yaga silin, ya kankare fenti kaɗan ta ciki don ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sannan ya bi da wayar ta bayan jakar iska ta gefe, ba ta gabanta ba. Wannan na ƙarshe ku kula da shi sosai, rai ne a ciki. Awa ɗaya bai cika ba ya gama. Damina biyu da ƙanƙara da wankin mota ba adadi, ko ɗigo bai taɓa shigowa ba.

Wayar da ke zuwa da mazaunin yawanci RG-58 ce mai tsawon ƙafa 17. A 160 MHz asarar da take jawowa kaɗan ce, amma a 850 wannan tsawon yana cinye abin da ya kusa rabin ƙarfin siginar kafin ya iso sikana. Na sa ya yanke rarar, bai naɗe ta ya cusa ƙarƙashin kujera ba. Sannan bakin eriyar sikanata ƙarami ne, irin SMA, don haka na sa 'yar gajeriyar waya mai laushi a tsakani, kada nauyin babbar wayar ya riƙa jijjiga shi a kan gargada.

To me na samu? Tashar yanayi ta 162.400 da ke mutuwa kafin Chickasha yanzu tana raka ni har na wuce garin da nisa, kuma kafin ta dushe na riga na kama wata ta gaba. Masu SKYWARN suna ɗan ƙasa da inda aka auna eriyar, amma wajen saurare ban ga wani naƙasu ba, ina jin su garau. Jiragen ƙasa na BNSF da ke bin layin da ya ratsa Norman ina jin su tun ban hango su ba, abin da ke taimakona in kauce wa mashigar da dogon jirgi zai tsare ni minti goma. A 800 MHz ma ta fi mai maganaɗisun nesa ba kusa ba, musamman in na fita bayan gari.

Akwai inda ba ta kai ba, kuma ba a ce za ta kai ba. Zangon jiragen sama, 118 zuwa 137 MHz, yana ƙasa da ma'auninta. Jirgin da ke sama kana jin sa, don babu abin da ya tare tsakaninku, amma hasumiyar filin jirgin Will Rogers sai na matso kusa nake samunta da kyau. Wanda jirage ne abin sha'awarsa, ya nemi eriyar da aka yanka don su. Ƙasa da 50 MHz kuwa kada ma a sa rai. Haka kuma wasu hukumomi sun koma zangon 700, kuma kamfanin yana da wata 'yar'uwarta mai lamba 758 a ƙarshen suna da aka yi don ta haɗa da wannan. Da yau zan saya, zan fara duba inda hukumomin yankina suke kafin in zaɓa tsakanin biyun.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne, a tsakiyar birni kyakkyawar eriya tana iya zama matsala. Manyan tsare-tsaren dijital suna watsa magana ɗaya daga hasumiyoyi da yawa a lokaci guda a kan lamba ɗaya. In eriyarka tana jin uku daga cikinsu da ƙarfi kusan ɗaya, siginonin suna isowa da ɗan bambancin lokaci, sai murya ta riƙa kakkaryewa. Ga kuma tashoshin FM na 88 zuwa 108 masu ƙarfin gaske da ke iya toshe wa ƙaramar sikana kunne in ka bi ta gindin hasumiyarsu. Maganin da nake yi shi ne in kunna abin rage ƙarfin sigina da ke cikin sikanar a kan waɗannan tashoshi kawai, in na fita gari in kashe. Sannan a sani, hukumar da ta kulle maganarta da lambar sirri, babu eriyar da za ta buɗe ta. Kada wani mai talla ya ruɗe ku da wannan.

Ga masu tsallaka jihohi, doka ba ɗaya ba ce. New York da Florida da Indiana da Kentucky da Minnesota suna da dokokin da suka taƙaita ajiye sikana mai kama 'yan sanda a cikin mota, galibi da sassauci ga mai lasisin rediyon sha'awa. 'Yan'uwanmu da ke tuƙi a Bronx ta New York su karanta tasu dokar tukuna. Masu Ford F-150 daga ƙirar 2015 zuwa sama kuma, jikin motarku alminiyom ne, maganaɗisu ba ya kama shi, don haka zancen mai maganaɗisu bai ma taso ba.

Tsayi shi ne abin da nake fama da shi kullum. Motata Sienna ce, in aka ɗora santimita 42 a kanta tana gogar ƙofar garejin gida da silin wasu wuraren ajiye motoci na asibitoci. Ƙarfen yana lanƙwasa ya dawo, bai taɓa karyewa ba, amma in zan shiga injin wankin mota ko gini mai gajeren rufi nakan kwance ta in rufe mazaunin da ɗan murfin roba da ake sayarwa don haka. Yana zaune a aljihun ƙofar direba. Duk ƙarshen Maris nakan kwance eriyar, in goge wurin da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, in duba robar ko ta tsage, in mayar in ɗaure da hannu kawai ban da sifana. Daga nan sai in jira ranar Laraba, lokacin da tashar yanayi ke gwajin ƙararrawarta na mako, in tsaya a wajen Chickasha in tabbatar ta shigo.