Tkinter ko PyQt: Wanne Ya Dace da Manhajar Buɗe Fayil?

Idan ƙaramar manhajar buɗe fayil da nuna rubutu kake so, ka fara da Tkinter. Shi da PyQt kayan aiki ne na gina fuskar manhaja da yaren kwamfuta na Python. A Windows tare yake zuwa da Python, ba sai ka ƙona data ba. Da askopenfilename (mai buɗe tagar zaɓen fayil) da akwatin Text (mai nuna rubutu), aiki ya kusa kammala, sai dai fuskarsa irin ta da ce.

PyQt ya fi kyan gani, akwatin rubutunsa QPlainTextEdit kuma yana jure dogon rubutu. Amma sai ka sauke shi da pip (manhajar sauke kayan Python), kuma lasisinsa GPL ne (mai wajabta bayyana lambobin manhajarka idan ka raba ta) ko na kuɗi. Mai niyyar sayarwa ya duba PySide, takwaran PyQt mai sassauƙan lasisi.

Kowanne ka ɗauka, buɗe fayil da tsarin haruffa na utf-8, don kada ɗ da ƙ su rikice.