Kemon ɗana: likita ya yi ƙoƙari, amma daren nan ya tsaya mini a rai

Tauraro huɗu na yi niyyar ba sashen kemo (maganin ciwon daji) na asibitin nan, don tsakani da Allah likitan da ya karɓe mu mutum ne. Ɗana shekararsa 14. Wata bakwai muna yawon asibitoci, yana shan ruwa kamar raƙumi, fitsari ba dare ba rana, kowa na cewa suga ne, gwaji kuma ya nuna babu. Sai da ciwon kai da amai suka shigo aka yi hoton MRI, aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa, irin wanda ake kira jaminoma. Likitan ya auna AFP da beta-hCG, sinadaran da ke nuna irin ƙarin, a jini da ruwan ƙashin baya, ya ce mini, "Hajiya, ki kwantar da hankali, irin wannan yana jin magani." Zagaye huɗu na kemo, kwana 21 tsakani, carboplatin da etoposide, sai a musanya carboplatin da ifosfamide, daga nan a yi gashi, wato a gasa ƙarin da hasken radiyeshan.

Kuɗin magani kuwa kun san yadda abin yake, fili na sayar.

A zagaye na biyu aka samu matsala. Ƙarin ya taɓa wurin da ke hana jiki zubar da ruwa, shi ya sa yaron ke kan desmopressin, maganin rage fitsari wanda ake fesawa a hanci. Ifosfamide kuma sai da ƙarin ruwa mai yawa, don kada ya ci mafitsara. Ƙarfe goma na dare na tunatar da nas lokacin feshi ya yi. Ta ce ba a rubuta a katin ranar ba, kuma mai makullin firij ta tashi. Na ce, "Sista, don Allah ki kira likita." Ta ce, "Mama, ki bari gari ya waye."

Ni ce na kwana ina zubar da fo. Sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Leɓensa ya tsattsage, harshe ya bushe, wajen asuba yana kallona yana kiran sunan ƙanwarsa. Da safe gwaji ya nuna gishirin jininsa ya hau sosai. Likita ya shigo ya yi faɗa, ya ba ni haƙuri, daga ranar aka riƙa auna gishirin safe da yamma. To me ya hana tun farko?

Alhamdulillahi, hoton bayan zagaye na huɗu ya nuna ƙarin ya motse, sumar kansa ma ta fara tsirowa. Ina rubutun nan na sake tuna wani abu: sau biyu etoposide ya yanke a kantin maganin asibitin, mahaifinsa ya shiga gari nema da rana tsaka. Tauraro biyu. Ɗaya ma na likitan ne shi kaɗai. Yanzu muna layin gashi, feshin kuma yana cikin kular ƙanƙara a jakata.